Ƙasar Gindin Gawo Na Aika Mata, Na Ce Ta Kurmi Ce

Malama Zalihatu, salamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi wata ɓarna da hannuna, kuma ba irin wadda zan kai majalisa ba ce, saboda ni ne mai ba majalisar dariya. In na kai tawa, sai a shekara ana yi da ni.

Ni manomi ne a wani ƙauye cikin yankin Tibiri. Lakwal na yi ta har aji biyar, daga nan ni da mushe, wato malaminmu, muka yarda kowa ya huta. Faransancin da ya rage mini bai wuce na gaida jandarma ba. Amma Allah Ya ba ni ɗiya wadda ta tsince duk karatun da na zubar. A nan zan kira ta Lubabatu, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Tana jami'a a Yamai, shekarar ƙarshe ta mastar, a wani fanni da ban taɓa faɗin sunansa ban ciji harshe ba.

Ga yadda ta bayyana mini aikin nata. Wai a cikin cokali ɗaya na ƙasa akwai ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, sun fi mutanen kasuwar Dogon Dutsi yawa nesa ba kusa ba. In aka fesa maganin haki, wasunsu su sha wuya, wasu kuwa ko a jikinsu. Masu taurin kan nan take nema. So take ta gano abin da suka gada wanda ke hana magani kama su, don wata rana a ɗauke shi a sa wa wake, ka fesa gona haki ya mutu wake ya tsaya. Na ce in an gano a ɗiba mini kaɗan, ko zazzaɓin damina ya ƙyale ni. Uwarta ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi tun da na fara feshi, lalo da gasayar da take tsinka a gona suka ɓace, su wa zai sa musu nasu? Mai karatun kuwa sai ta rubuta tambayar a takarda.

Farkon damina ta aiko mini da leda biyu masu rufi, ɗaya an rubuta A, ɗaya B. Ta ce a A in sa ƙasar fadamata, inda nake feshi shekara goma sha ɗaya. A B kuwa tana son ƙasar da magani bai taɓa taɓawa ba, har ta faɗi wurin: kurmin bayan gidanmu, gindin tsamiya. Wurin nan tun kakanni ba a noma shi, ba a sarar icce, ba a ɗibar ko ƙasar yaɓe. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ke kula da shi. Ta haura tamanin, kuma ta ce doguwar gidanmu, aljanar da muka gada, a nan take zaune.

Ni kuwa na fi shekara ashirin ina tsokanar gwaggo kan doguwar nan. Nakan tambaye ta ko an yi wa doguwar katin zaɓe. Babban ɗana, wanda ke kasuwanci a Dogon Dutsi kuma ba ya wasa da sha'anin aƙida, kullum cewa yake a sare tsamiyar a huta, ni kuma in riƙa gyaɗa kai a gabansa kamar wani malami.

To, da hantsi na ɗauki leda B na nufi kurmi. Na iske gwaggo zaune a bakin wurin tana ɓarar gyaɗa. Ba ta hana ni ba. Duban ledar kawai ta yi, ta ce ubana har ya koma ga Allah ko tsinken sakace bai taɓa ɗauka a nan ba, ta ci gaba da aikinta. Malama, ƙafata ta ƙi. Har yanzu ban san ko tsoro ba ne, ko kunyar tsohuwa, ko mahaifina ne ya faɗo mini a rai. Na gaishe ta, na ce wucewa nake.

A hanya sai ilimin aji biyar ya taso. Na ce ai ƙasa ƙasa ce, yarinyar nan son wahalar da mutane ne da ita. Na tafi gefen fadamata, gindin wani gawo kusa da rijiya, inda ba na shuka komai balle in fesa. Ƙasar wurin baƙa ce mai laushi, sak ta kurmi. Na cika leda, na rufe, na kai tasha na ba direban Yamai. Da ta kira ta tambaya ko daga kurmi na ɗebo, na ce har doguwa ta ce a gaishe ta.

Bayan wata huɗu, ran Talatar da ta wuce, ta kira ni cike da murna. Wai a ƙasar B ta sami halittun da ko an ninka musu magani ba sa mutuwa, sun fi na A ƙarfi. Malaminta sai da ya sa ta sake gwajin sau biyu, don bai yarda za a sami haka a ƙasar da ba ta san magani ba. Tana magana ina tsaye a gona ina kallon gawon, sai abin ya faɗo mini. A nan nake wanke famfon feshi. A nan nake zubar da ragowar magani, duk damina, shekara goma sha ɗaya. Duk ƙauyenmu babu ƙasar da ta sha magani kamarta, kuma ni na zaɓo ta da kaina.

Yanzu saura mako bakwai ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta. Ta ce ta sa sunana a shafin farko. Malaminta kuma yana son a ƙaro ƙasa daga wuri guda. In na koma gawo, na ƙara ƙarya kan ƙarya. In na faki idon gwaggo na ɗebo ta kurmi, gwaji zai tona ni. In na faɗi gaskiya, ina tsoron na rushe mata shekara guda, kuma dole in ce mata ubanta mai bakin nan ya kasa taka gindin tsamiya da rana tsaka. Wani sa'in nakan ce in yi shiru, wa zai sani? Sai in tuna ita ce za ta tsaya ta rantse a kai, ba ni ba. Mi zan yi?

Uban Ɗaliba, daga yankin Tibiri

AMSA

Wa alaikumus salam, Baban Lubabatu. Na yi dariya a wurare da dama cikin wasiƙarka, amma amsata gajera ce: ka kira ta yau. Kira, ba saƙon murya ba, kuma ka ajiye barkwanci sai ka gama. Ka faɗa mata inda ka ɗebo ƙasar, da abin da ake zubarwa a wurin, da dalilin da ya hana ka shiga kurmi.

Na kai maganarka wurin wani masanin aikin gona ba tare da na faɗi ko kai wane ne ba. Ya ce halittun da ta samu ba ƙarya ba ne, suna nan da ransu a ɗakin gwaji, kuma abin da suka gada yana nan. Hasali ma irin wuraren da magani ya daɗe yana zuba, nan masu wannan bincike suka fi leƙawa. Abin da ke ƙarya shi ne bayanin da ke kan ledar. Za ta rasa babban abin mamakin da take murna da shi, za ta sake rubuta wani sashe, mai yiwuwa a ɗaga mata ranar. Wannan asara ce, ba zan ɓoye maka ba. Amma mako bakwai lokaci ne. In kuwa ta tsaya ta faɗi abin da ba haka ba, wani ya zo daga baya ya gwada ƙasar kurmi bai ga komai ba, ba za a ce ubanta ya yi kuskure ba. Za a ce ita ta ƙirƙira, kuma a aikinsu wannan tabon ba ya fita.

Kana da abin da za ka ba ta wanda babu mai shi sai kai. Kafin ka kira, zauna ka tuno: wace shekara ka fara wanke famfo a wurin, sau nawa a damina, wane irin magani, ko ka taɓa canza shi. In akwai tsofaffin kwalabe, tattara su. Tarihin gindin gawon nan shi zai tsayar da aikinta.

Ita ma tana da nata rabon, domin mai bincike ba ya barin ɗibar ƙasa a hannun aike bai gani da idonsa ba. Amma kada ka faɗa mata haka. Malaminta zai faɗa.

Batun kurmi kuwa, ban ga abin kunya ba a mutum ya kasa tsallake tsohuwar da ta rage masa daga gidan ubansa. Laifin ya fara ne daga inda ka ɓoye. Kada ka shiga wurin a sace. In Lubabatu na son ƙasar, ta zo da kanta ta durƙusa gaban kakarta ta roƙa. In ta ƙi, tudun da ba a taɓa fesawa ba bai ƙare a Arewa ba. Sannan ka daina zubar da ragowar magani kusa da rijiya, mutane da dabbobi na sha.

Za ta yi fushi, wataƙila ta kashe waya. Kada ka bi ta da wasa don ta huce, ka bar ta ta yi fushinta. In ta sake kira, tambayoyi za ta yi maka, sai ta same ka da amsa a hannu.

Allah Ya ba ta nasara, Ya ƙara wa gwaggo lafiya, kai kuma Ya sauƙaƙa maka minti biyar ɗin farko na kiran.

Malama Zalihatu