Sunan da Ban Taɓa Kiran Ka da Shi a Gaban Mutane Ba

Zuwa ga wanda ke karatu a Ikko,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mutanen Limawa duk ƙalau. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ne. Shekara biyu ina zuwa wurin matar malamin asibiti koyon boko, don na gaji da a karanta mini takardarka a zaure.

Takardarka ta rikita ni. Ka ce ana koya muku Latin, yaren mutanen da suka ƙare. To, da wa za ku yi shi? Ka ce in suna son mutum sai su ƙara wa sunansa 'yar jela ya ƙanƙance: uwa mater, sai ta koma matercula, ɗa filius, sai filiolus. Na kwafa sau bakwai. Jelar namiji daban, ta mace daban, har yanzu ban gane dalili ba. Kuma a ƙanƙantar da uwa, a ce so ne?

Sai ƙarshen takardar. Ka ce kowa a ajinku ya faɗi sunan da uwarsa ke lallashinsa da shi, kai ka yi shiru. Ka tambaya ko akwai.

Kai ɗan fari ne. Ka san ba a yi. Ranar da aka yaye ka, kakarka ta goya ka zuwa Ringim, ni ina daka, ban ɗaga kai ba, mata suna yaba kunyata. Da ka faɗo daga kan dutse ka fasa goshi, na aika ƙanwata, na tsaya bayan rumbu ina jin kukanka. Na ɗauka ka san ina wurin. Ashe ba ka sani ba?

Kakarka takan ce, "Bakinki ne aka ɗaure." Ba ta ce komai kan hannu ba, don a lokacin ba mai rubutu. Ban sani ba ko rubuta maka sunan laifi ne. Ban tambayi kowa ba.

Akwai. Kwana arba'in na wankan jego, in ɗaki ya zama babu kowa, nakan ce maka Ɗan Mitsitsi. Har yau da shi nake maka addu'a.

Kada ka karanta wa babanka. A aji kuwa ka faɗa.

Allah ya tsare ka, ya ba ka abin da ka je nema, ya dawo da kai ina da rai.

Ni ce wadda kake kira Yaya.