Gawon Baba da Iskar Kabon

Yaya Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Abijan? Mu nan Tawa lafiya lau.

Na karanta a mujalla cewa masana suna gwada lantarki da ruwan sinadari don zuƙe iskar kabon mai ɗumama duniya, suna neman hanyar da ba ta shan wuta sosai. Sai na tuna gawon Baba a gonarmu ta Bambeye, inda muke shan fura muna yara. Shi yana wannan aikin ba lantarki.

Yanzu Kawu Mamman zai sare shi. Ya ce, "Ɗana, itacen girki ya yi wuya." Maganarka kaɗai yake ji, kuma ba ya karatu. Ka aiko masa kaset da muryarka kafin gatari ya riga ka.

Gaida yara, ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Abdu