Na Toshe Bututun da Ƙanena Ya Sa wa Murhun Hajiya

Assalamu alaikum Malam Mudi. Don Allah ka taimaka mini da shawara, kuma ka sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ko matata ban gaya wa ba.

Ni ne babba a ɗakinmu. Shekara shida ke nan da na ɗauko mahaifiyarmu, Hajiya, daga ƙauyenmu na bayan Zurmi lokacin da zama ya gagara, na kawo ta gidana a nan Ƙaura. Ni ke kai ta asibiti, ni na san cinta da shanta. Hajiya ba ta yarda a dafa mata, sai ta tuƙa tuwonta da hannunta. To, tunda aka daina shiga daji itace ya yi wuya, ga hayaƙinsa yana sa ta tari. Bayan ƙaramar Sallah na sayo mata murhun gas mai kai biyu da tukunyarsa, na kafa mata a ɗan ɗakin da muke ajiye buhunan dawa a da. Ɗakin ba taga, ni da kaina na toshe wadda ke akwai da bulo saboda ɓarayi. Ranar ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Ba a yi wata biyu ba ta fara kukan ciwon kai da jiri, musamman in ta turo ƙofa saboda kaji tana girki. Na kai ta kemis sau biyu, aka ce ko hawan jini ne.

Sai ga ƙanena Faruku daga Gusau. Aikin gini ya karanta, kuma sau uku yake leƙo mu a shekara. Yana shiga ɗakin ya dubi wutar, ya dubi yadda gindin tukwane ya yi baƙi, ya tambaya a gaban matata da ƙanwarmu Kyauta wai wa ya yi wannan gangancin. Ko ya san ni ne ko bai sani ba, Allah masani. Washegari ya kawo magini suka buɗe tagar, suka huda kafa a ƙasan bango, suka yi wa murhun 'yar rumfar ƙarfe da bututu ya fita ta rufi, suka fitar da tukunyar gas waje cikin inuwa. Ciwon kan Hajiya ya tafi. Ban musa ba, ya tafi.

Amma Malam, tun daga ranar sunan abin ya koma murhun Faruku. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai Hajiya ta ja ta ta nuna mata bututun, ta ce ɗanta mai ilimi ne ya cece ta, da tuni an yi sadakar ukunta. Ina zaune a tsakar gida ina ji. Ni na sayo, ni ke ɗaure tukunyar a babur in kai a cika, shi kwana biyu ya yi ya koma. Har ta kai in ya kira wayata don ya gaishe ta, sai in zuba mata ido har ta katse.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya Hajiya ta ce ɓera na shigowa ta kafar ƙasan, na ɗauki tsohon buhu na cusa tam. Da iskar damina ta cire hular bututun kuma, na hau na kifa kwano a bakinsa na danne da dutse, wai kada ruwa ya shiga. Gaskiyar magana, daɗi na ji ina yi. Tagar ma Hajiya rufe ta take yi in ana ruwa. Jiya ta ce kanta ya ɗan sara. Shin maganar bututun nan gaskiya ce, ko burgar 'yan boko ce kawai? Kuma yaya zan yi da zuciyata?

Daga Babban Wa, Ƙaura Namoda.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ajiye jaridar nan ka je ka zare buhun, ka sauke kwanon, sannan ka dawo ka ƙarasa. Kada Hajiya ta sake kunna murhun kafin ka yi haka.

Maganar Faruku gaskiya ce. Wutar gas tana cin iskar ɗaki. In iska ta yi kaɗan, wutar takan bar shuɗi ta koma ja-ja, ta baƙanta tukunya, ta fitar da wata iska mai guba da ba a gani, ba ta kuma da wari. Da ciwon kai da jiri take farawa, kuma tana kisa. Bututun shi ke fitar da ita. Kafar ƙasa tana shigo da sabuwar iska, kuma in gas ya zuba, ƙasa yake kwanciya don ya fi iska nauyi, ta nan zai fice. Maganin ɓera ragar waya ce a bakin kafar. A maida wa bututun hularsa mai tsayi, wadda ke tare ruwa ba ta tare hayaƙi. Ka riƙa shafa kumfar sabulu a tiyo da mahaɗarsa, in ta yi ƙwai akwai ɓula, a canja. Ka kai Hajiya asibiti yau, ka gaya wa likita zancen ɗakin yadda yake.

Sai zuciyarka. Ban ga laifinka don ka ji zafi ba. Faruku ƙaninka ne, ya kamata ya ja ka gefe ya yi maka bayani cikin ladabi. Hajiya ma ta yi sakaci da bakinta, ko da yake uwa takan yawaita zancen na nesa ne don kewa, ba don ya fi ba. Kai ma ka kafa murhun ba tare da tambayar masu sani ba, kuma fushin da kake yi da ƙaninka a jikin mahaifiyarka ya sauka. Wannan ne ya kamata ya tsorata ka.

Ka kira Faruku da kanka. Ka tambaye shi yadda za a gyara hular, sannan ka gaya masa kai tsaye cewa kalmarsa ta ranar ta yi maka ciwo. Ina kyautata zaton bai ma sani ba. Ka nemi gafarar Allah kan daɗin da ka ji. In ka sauko daga rufin kuma, ka shiga ka zauna wajen Hajiya ku yi hira. Tsakanin Zurmi da Shinkafi akwai 'ya'ya da yawa da yau suke neman uwar da za su gaisar, ba su da ita.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya sanyaya ranka, ya haɗa kanku.

Malam Mudi