Robar Bayan Babur

Daren Laraba, Toranke

Barci ya ƙi zuwa. Gobe Malam Sabi'u zai yi mana gwajin inbas, lissafin nan da ke mayar da amsa inda ta fito, kuma ya ce duk wanda ya faɗi ya bar ajin kimiyya. Yau a gaban allo ya ba ni y = 2x + 3. Na raba da biyu, sannan na cire uku. Aji ya kwashe da dariya. Haushi ya hana ni cin tuwo.

Da la'asar Baba ya dawo daga kasuwar Gaya da buhun taki ɗaure da roba a bayan babur. Garin sauri na kama buhun ina ja, babur ya kusa kifewa a kaina.

"Ke Hadiza, hankalinki ɗaya kuwa? Buhu na fara ɗorawa, roba ce ta ƙarshe. Ita za ki fara kwancewa!"

Na yi ta ƙunƙuni. Sai yanzu a kan tabarma maganar ta dawo mini. Ashe ukun nan shi aka ɗaure daga ƙarshe. Na haska tocila na gwada: na sa biyar a wurin x ta ba ni sha uku, na cire uku, na raba biyu, sai ga biyar ɗina ta dawo.

 Amma idan Malam ya kawo lissafi mai lamba a sama da lamba a ƙasa fa, ina zan ga robar? Umma ta ce in kashe tocila. Na kashe, amma yatsana yana jikin bango yana ta kwance lissafi.