Kwamfutar da Take Warkewa a Ƙofar Ofishinku

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin jigilar kaya da 'yata take wa aiki a Idu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, har da manyan motocinku da nake kauce wa kullum a hanyar Zuba.

Sunana Ɗanjuma. Lemu da kankana nake sayarwa a kasuwar Zuba, a Karmo nake zaune. Boko a aji biyu na sakandare na tsaya, kuma ba korata aka yi ba, ni da makarantar ne muka dubi juna muka ga ba za mu daidaita ba. Don haka in ka ga magana ta karkace a takardar nan ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da wuƙar fere lemu. Ban ambaci sunan kamfaninku ba saboda 'yata Sa'adatu ta sa na yi mata alkawari. Ita da farko ma cewa ta yi kada in rubuta komai. Muka yi ciniki, ta rage, na rage, muka tsaya a nan. Na kuma fito da maganar fili ne domin na kawo ta da baki har ofishinku, aka ce ba ta nan ake shigar da ƙorafi ba. Inda ake shigar da shi zan zo kansa a ƙasa.

Sa'adatu tana sashen da ake rubuta motar da ta fita, da kayan da ta ɗauka, da inda ta nufa. Tana cikin watannin gwaji, kuma ƙarshen watan nan ne za a ce an tabbatar da ita ko an sallame ta. Ita ce mutum ta farko a gidanmu da ta taɓa rataya katin aiki a wuya. Kwanakin baya ɗan acaba ya zubar da ita a hanyar dawowa, ƙafa ta karye ƙasa da gwiwa, aka sa mata filasta, likita ya ce kada ta kuskura ta taka. Ofishinta a saman bene yake. Sai kamfaninku ya ba ta kwamfuta ta hannu, ya ce ta yi aiki daga gida. Wannan alheri ne, kuma na fara da shi don kada a ce ban gani ba. Mun gode.

Aikin ya tafi lafiya lau da farko. Akwai wata manhaja a ciki, in ta buɗe ta sai ga teburinta na Idu ya bayyana a ɗakinmu na Karmo. Ni dai kallo nake yi ina salati. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Wata Litinin da safe ta buɗe manhajar, sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar da Turanci. Ta fassara mini: wai satifiket ɗin tsaro na kamfani ya canza, ta amince da shi ko ba ta amince ba? Ranka ya daɗe, ni da gara ta cinye mini satifiket ɗina ɗaya tilo na firamare, ban taɓa sanin na'ura ma tana da nata ba. Ba ta yi gaban kanta ba, sai da ta buga wa sashen kwamfuta waya, suka ce e, su suka sabunta shi, ta amince. In ta danna a'a, manhajar ta rufe ƙofa. In ta danna e, sai komai ya sanƙare. 'Yar kibiyar nan ta koma zobe tana ta juyawa. Madannai ba sa amsawa. Ba a iya rufewa, ba a iya komawa baya, sai an danne maɓallin kashewa har ta mutu. A sake kunnawa, akwatin ya sake fitowa da tambayarsa kamar bai taɓa ganinmu ba. Tun ranar haka muke.

Na biyu. Kada a ce mun naɗe hannu. Mutumin sashen kwamfuta, Mista Bitrus, yana ɗaukar waya, kuma bai taɓa yi wa 'yata tsawa ba. Ya ce a kashe a kunna, an yi. Ya ce a duba agogon kwamfutar da kwanan watanta, daidai suke. Ya ce ko sabis ne, muka gwada da datar wayarta, da tawa, da ta uwarta, da ta maƙwabcinmu mai wani layi daban. Duk sauran abubuwa suna buɗewa, wannan ce kaɗai ba ta buɗewa. Ya ce a goge manhajar a sa sabuwa, sai kwamfutar ta nemi kalmar sirri ta manya, wadda ba a ba ƙananan ma'aikata, ba a kuma faɗa a waya. Ni ma na ba da tawa gudummawar. Na ɗauka zafi ne, na juya mata fanka, iyalina suna gumi ita tana shan iska. Na ɗora ta a kan tire saboda na ji an ce katifa tana toshe mata numfashi. Na tofa mata addu'a. Sa'adatu ta ce, "Baba, don Allah ka tafi kasuwa, lemunka zai ruɓe." Uwarta kuwa ta ce ko ranar da aka haifi yarinyar ban yi wannan rawar jiki ba. Ban musa ba.

Na uku, kuma shi ne gundarin maganar. Da waya ta gagara, aka ce a kawo kwamfutar ofis. Mai ita ba ta iya tafiya, sai ni. Na naɗe ta cikin zanen uwarta, na rungume ta a Keke Napep kamar jaririya, duk ramin da muka faɗa sai in ba ta haƙuri. Maigadinku ya dubi zanen, ya dube ni, ya tambaya ko abinci na kawo. Mista Bitrus ya karɓe ta da mutunci, ya ba ni kujera. Ya jona ta da wayar intanet ɗin ofis, ya shiga da sunansa, sai ga ta tana gudu kamar an biyo ta. Babu akwati, babu tambaya, babu zobe. Ya ce, "Baba, wannan kwamfuta ba shi da matsala fa. Ka gani da idonka." Na gani kuwa. Na dawo gida ina washe baki, har tsire na tsaya na saya. Sa'adatu ta kunna, akwatin ya fito, ta danna e, zobe ya kama juyi. Haka muka ci tsiren muna kallon zoben.

Da na koma karo na biyu, Mista Bitrus da kansa ya yi mini bayani, na kuma fahimta iya fahimtata. A cikin ofis, kwamfutar tana gida ne, ba wanda yake tambayarta satifiket. Sai daga waje ake tambaya. Na ce to ai da sauƙi, mu fita bakin titi, ƙarƙashin bishiyar da masu keke suke tsayawa, mu gwada da datar wayata. Ya ce tasa shigar ta ma'aikatan sashe ce, hanyarta daban, ba za ta nuna abin da ake nema ba. Dole sai da sunan Sa'adatu da kalmar sirrinta da lambar da ake turowa wayarta, kuma doka ta hana ta ba kowa, ko da ubanta ne. Ban ga laifin dokar ba. Da ni ne ma ba zan ba ni ba, don ina da surutu. Amma lissafin ya fito a fili: ciwon nan ba ya nuna kansa sai inda Sa'adatu da kwamfutar suke tare, a wajen ofishinku. Wuri ɗaya ne a duniya haka, ɗakinmu na Karmo. Na ce ya zo mu je. Ya ce ma'aikatan sashensu ba sa fita aiki waje sai da izinin oga, kuma izinin sai an shigar da ƙorafi a rubuce.

Na huɗu. Ƙorafin, ranka ya daɗe, a cikin manhajar ake shigar da shi. Wadda ta sanƙare ɗin. Na tambaya ko ba za su iya shiga kwamfutarta daga nesa su gyara ba, tunda na ji ana yi. Aka ce ana yi mana, ta cikin manhajar. Sa'adatu ta ɗauki bidiyon abin da wayarta, tun daga kunnawa har zuwa zoben, ta tura wa madam ɗin sashen ma'aikata. Amsar da ta samu ita ce an gani, amma ba a ɗaukar abin da aka turo ta waya a matsayin ƙorafi. Ni a Zuba in mutum ya ce kankanar da na sayar masa fara ce a ciki, ba na cewa ya koma cikin kankanar ya kai ƙara. Amma ni ban yi karatu ba, wataƙila akwai hikimar da ta wuce ni.

Na biyar. Zuwan ma'aikaci aiki daga gida ma, ashe manhajar ce take ƙirga shi. Wanda bai shiga ba, bai zo ba. Shi ya sa ranar Alhamis da ta wuce aka aiko wa 'yata takardar tuhuma. Ta karanta mini ita. Wai ba ta zuwa aiki ba tare da dalili ba, wai an duba kwamfutarta har sau biyu an same ta lafiya, wai za a yi la'akari da wannan idan an zo yanke hukunci a kan gwajinta. Na lura babu ƙarya ko ɗaya a takardar in aka bi ta layi-layi. An duba kwamfutar, gaskiya ne, ni na kai ta. An same ta lafiya, gaskiya ne, ina zaune a wurin. Wato zirga-zirgar da na yi da zani a keke ita ce ta zama shaidar da za a kori 'yata da ita. Da na zauna a kasuwa ina korar ƙuda, da takardar ba ta da wannan layin.

Ban ce wani ya yi da gayya ba. Ban san ko laifin sabon satifiket ɗin ba ne, ko na manhajar, ko na kwamfutar kanta, kuma ban san ko 'yata kaɗai abin ya shafa ba. Wannan ba fannina ba ne. Abin da na sani shi ne kowa a kamfaninku ya bi dokarsa daidai. Mista Bitrus ya bi tasa, madam ta bi tata, maigadi ya bi tasa, Sa'adatu ta bi tata. Dokokin ne ba su taɓa zama wuri ɗaya sun gaisa ba. Kai ne aka ce kana saman su duka.

Ga abin da nake roƙo. A ba Mista Bitrus, ko wani daga sashensu, izinin zuwa Karmo ya zauna kusa da Sa'adatu ta danna a gabansa. Tsakaninmu da Idu ba nisa, da daddare ma muna hango fitilun rumbunanku. In ba a san lungun ba, ni zan zo in yi jagora, a dai sa takalmin da ba a jin tausayinsa. In zuwan ba zai yiwu ba, a turo motar kamfani ta ɗauko ta da ƙafarta da kwamfutarta, a ajiye ta a wajen ƙofa, a fito a gani. Sannan a jingine takardar tuhumar har sai wani naku ya ga abin da idonsa. In ya zo ta buɗe lafiya lau, na yarda a yi hukunci, ni kuma in tashi a gaban jama'a in ce ni da 'yata mun yi wa na'ura ƙage. Na ƙarshe, ba don mu ba, don na baya: a buɗe wata hanyar kai ƙorafi da ba sai an bi ta ƙofar da ta ƙi buɗuwa ba.

Akwai abu ɗaya da na'urarku ba ta rubutawa, bari in rubuta mata. Kullum da safe, kafin in fita kasuwa, Sa'adatu ta riga ta yi wanka, abin da ba ƙaramin aiki ba ne da filasta a ƙafa. Tana sa kayan zuwa ofis. Tana rataya katin aikinta. Uwarta ta ɗora mata ƙafar a kan kujera 'yar tsugunno. Lokacin fara aiki na yi ta kunna, akwatin ya fito, ta danna e. In ta sanƙare ta kashe ta sake. Na ce mata ta huta mana, ba wanda yake gani. Ta ce in manhajar ta buɗe wata rana ita ba ta kusa fa? Haka take zama har lokacin tashi, sannan ta cire katin ta rataye shi a ƙusa. Barkwancina ya daina ba ta dariya, kuma wannan bai taɓa faruwa ba tun tana goye.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare motocinku a hanya, ya ba 'ya'yanka shugabanni masu tashi su je su gani. Gobe ma Sa'adatu za ta danna, in sha Allahu. Na ari kujerar roba a wurin maƙwabcinmu na ajiye kusa da tata, don wanda za ka turo. Na kuma hana kowa zama a kai, har da ni.

Wassalam.

Ɗanjuma mai lemu,
Karmo, Abuja.