Igiya a Ƙarƙashin San Lázaro

Litinin, 4 ga Maris

Mun iso San Lázaro da hantsi, mu huɗu da tukwanen iskar nutso ashirin da biyu. Tun daga bakin gari wari ya tarye mu. Gonar aladu ce can yamma da ƙauyen, aladu dubu arba'in in ji mutanen gari. Rijiyarsu ta ɓaci, yara na ta gudawa, masu gonar kuma sun rantse ruwansu bai haɗu da na gari ba. Lauyan ƙauyen na son taswira kafin ƙarshen wata. Za mu nutsa cikin kogon da ke ƙarƙashin rijiyar, mu bi ruwan, mu ga daga ina yake zuwa.

Fermín, shugaban tawagarmu, ya raba mu biyu-biyu. Shi da Renata, mai ɗibar ruwa don gwaji. Ni kuma, don rashin sa'a, da Don Gaspar. Shekara sittin da ɗaya, tsohon mai nutson kamun kifi daga bakin teku, tumbi kamar randa. Yana tauna yana magana yana gyatsa, duk a lokaci guda. Rigar robarsa ma ta girme ni.

Doña Chabela, wadda muka sauka a gidanta, ta dafa wake da naman alade kamar kowace Litinin. Na kasa ci. Don Gaspar ya jawo kwanona ya ce, “Kawo nan, 'yata, ba aladen ne suka yi laifi ba.”

Talata, 5 ga Maris

Nutson farko. Mita shida na sama kore ne, mai yauƙi kamar miyar da ta kwana uku, ga wasu fararen abubuwa na yawo da ban so in san ko mene ne ba. Ƙasa da haka ruwan ya washe, ga zauruka manya, duwatsu na reto daga rufi. Abin takaici ne a ce wuri mai kyau haka ake zuba wa kashi.

Da muka fito Don Gaspar ya cire riga, zarnin fitsari ya cika wurin. Na kauda kai. Ya ce, “Masu nutso iri biyu ne, Eulalia: masu yi a riga, da maƙaryata.” Shi kaɗai ya yi dariya.

Fermín ya shafe rabin awa yana ɗaukar kansa bidiyo a bakin rijiya. Sau huɗu yana maimaita “muna sadaukar da rayukanmu” don rana ba ta haska fuskarsa yadda yake so ba. Tir.

Laraba, 6 ga Maris

Kunnena na hagu na ruwa. Kaska biyu a cinya. Ƙuraje a wuya.

Juma'a, 8 ga Maris

Yau ni ce a gaba, ina shimfiɗa igiya. Mita ɗari uku da goma sabuwa fil, inda ɗan Adam bai taɓa shiga ba. Igiyar nan ita ce hanyar gida; in laka ta tashi, ba ido ba tocila, sai abin da yatsa ya riƙe. Na ɗaura ta a wurare goma sha ɗaya, har bakin wata matsattsiyar ƙofa da muka sa wa suna Maƙogwaro.

Don Gaspar na bayana, yana tattaɓa kowane ɗauri kamar mai taya akuya a kasuwa. A na ƙarshe ya tsaya yana haska ni da tocila. Kashi ɗaya cikin uku na iskata ya ƙare, doka ta ce a juya, na yi masa alamar mu tafi. Shekara tara ina wannan aiki, ba tsohon masunci ne zai koya mini ƙulli ba.

A waje ya fara wata magana kan dutse, baki cike da tortiya, wainarsu ta masara, ɓarɓashi na faɗowa kan ƙirjinsa. Na tashi na bar masa wurin.

Asabar, 9 ga Maris

Bari in rubuta.

Fermín da Renata suka shiga. Mu muna sama muna jira. Lokacin fitowarsu ya yi, ya wuce da minti ashirin. Doña Chabela ta fara kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Fermín yana jan Renata. Ta yi amai cikin bututun numfashinta ta ci gaba da shaƙa a haka, don ba wani zaɓi. Ma'aunin iskarta na kan ja.

Abin da ya faru: kusa da Maƙogwaro takalminta ya tayar da laka, duhu ya rufe su, ta kama igiya, igiyar ta biyo hannunta sako-sako. Ɗaurin ƙarshe ya saki. Minti goma sha ɗaya tana lalube a duhu, ba ta san ina ne gaba ina ne baya ba, kafin Fermín ya cafko ƙafarta.

Fermín ya daka tsawa, “Wa ya taɓa ɗaurin nan a ƙarshe?”

Na ce Don Gaspar. Na ce na gan shi yana jagwalgwala shi jiya. Na ƙara da wasu maganganu kan tsufa da ƙazanta.

Don Gaspar ya ɗago kai. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya sosa tumbi. Fermín ya ce daga yau ba zai ƙara shiga ruwa ba, sai dakon tukwane.

Lahadi, 10 ga Maris

Hutu. Renata na kwance a gadon lilo, fuska ga bango. Ta ce ta gama da kogo har abada. Tsohon yana can yana wanke mana kaya, har da bututun da ta yi amai a ciki, yana fito. Ko kunya babu.

Talata, 12 ga Maris

Ni da Fermín muka shiga gyara. Ni ce a gaba, don haka ni na fara isa.

Ƙullin bai kwance ba. Yana nan daram yadda na yi shi, da alamata ta roba mai harafin E a jiki. Dutsen da na ɗaura a kai ne ya karye. Guntunsa na nan cikin zargen, na matsa shi da yatsa ya marmashe kamar busasshen burodi. Ruɓaɓɓen dutse. Ɗalibin wata uku ma ya san a ƙwanƙwasa kafin a ɗaura. Ni sauri nake, ina so in cika mita ɗari uku.

Abin da yake haska mini ke nan. Abin da yake faɗa ke nan da bakinsa cike.

Kafin Fermín ya iso na zare guntun na tura cikin aljihun cinya, na sake ɗauri a wani dutsen.

Na yi wanka sau uku yau, kuma ba don ruwan aladu ba.

Laraba, 13 ga Maris

Na same shi a bayan gida yana ɗora tukwane a mota, gumi har gwiwa. Na ce, “Don Gaspar, ka sani, ko?”

“Na sani.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“Na faɗa ranar Juma'a, kika tashi. Kamata ya yi in bi Fermín in gaya masa. Na ce bari in bar yarinya ta huce, gobe ma rana ce, ban san da sassafe za su shiga ba. Kin ga ai ni ma da nawa kason.” Ya fyace majina a ƙasa, dab da ƙafata. “Kuma in aka kore ki, wa zai wuce Maƙogwaro da igiya? Fermín da kafaɗunsa? Mutanen nan taswira suke jira, ba shari'armu ba.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 14 ga Maris

Na ajiye guntun dutsen a kan tebur wajen karin kumallo, kusa da kwanon ƙwai, na faɗi komai. Har da ɓoyewar.

Renata ta ce, “Kika bar tsoho yana dako kwana huɗu? Ke ba mutum ba ce.” Ta ɗauki kofinta ta fita. Da gaskiyarta.

Fermín kuwa tambayarsa ta farko ita ce ko za mu iya barin zancen nan a tsakaninmu, kada ya shiga rahoto ya ɓata sunan tawaga. Bai ba Don Gaspar haƙuri ba. Cewa kawai ya yi, “To, gobe ka duba kayanka.” Kamar ba shi ya yi masa tsawa gaban mutanen gari ba. Duk cikinmu ba na zaɓe.

Doña Chabela ta kwashe kwanona tun ban gama ba.

Asabar, 16 ga Maris

Yau na wuce Maƙogwaro. Na cire tukwanena na tura su gaba, na bi da rarrafe, dutse na gogar bayana da cikina. Don Gaspar ya tsaya a bakin Maƙogwaro riƙe da igiya, tocilarsa a kunne don in ga hanyar dawowa. Mita tamanin a gaba rufin ya tsage, wani baƙin ruwa mai ɗumi na kwararowa ta tsagar, ƙasa duk tulin abin da ba sai na faɗa ba. Na cika kwalabe uku. Na ji ɗanɗanonsa a leɓena.

Da na juyo laka ta rufe komai. Ban ga tocilar ba, amma ina jin yana jan igiyar a hankali, sau biyu-biyu, har na iso hannunsa.

Fermín ya ɗora awonmu kan taswirar ƙasa: tsagar na daidai ƙarƙashin tafkin da gonar ke tara ƙazanta. Renata ta karɓi kwalaben ba tare da ta dube ni ba.

Litinin, 18 ga Maris

Lauya ya zo ya karɓi taswira da sakamakon gwaji. Ya ce shari'a sai a hankali. Renata ta bi motarsa zuwa birnin Mérida, ba sallama. Na rubuta zancen dutsen a rahoto da hannuna, Fermín ya sa hannu yana tsaki.

Don Gaspar ya ce akwai wani ƙauye a kudu mai irin wannan matsala, a watan Mayu, kuma yana neman mai shimfiɗa igiya. Yana faɗa yana sakace haƙori da ƙugiyar kamun kifi. Mutumin nan ba zai taɓa gyaruwa ba. Na ce masa zan duba, ban yi alkawari ba.

Na kira Mama da rana. Na ce kada ta sa rai da ni a watan Mayu.