Ni da Orval a Rigar Doki

Litinin, 3 ga Nuwamba, 1952
Yau aka kawo Orval Dunleavy gidanmu na tsofaffin 'yan wasa. Duk faɗin jihar New Jersey a rasa inda za a ajiye shi sai ɗakin da ke kallon nawa! Shekara goma sha tara muna yawon gari-gari cikin rigar wasa ɗaya mai siffar doki, shi ne kai, ni ne gindi. Shi ake yi wa tafi, ni ina duƙe ina shaƙar albasar da ya ci.

Talata, 4 ga Nuwamba
Ban gaishe shi ba. Rabonmu da magana tun wasanmu na garin Toledo, 1931, ranar da ya jefa mu kan makaɗa, na zauna cikin ganga.

Juma'a, 7 ga Nuwamba
Misis Hruska mai kula da gidan ta tono wata tsohuwar rigar doki, wai mu yi wasa ranar Bikin Godiya na shekara-shekara. Na ce sai dai in ni ne kai. Orval ya ce, "Ba shi, Misis. Da wannan fuskar ma ba sai ya sa komai ba." Tsohon banza.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Dama na yi mamakin saurin yardarsa. Da safe na gan shi yana gaida maratayin huluna: "Ina kwana, Likita?" Ashe idon ya tafi. Ya kama hannun rigata. "Lemuel, in suka sani gidan makafi za su kai ni. Rufa min asiri." Na ce ya sakar min riga.

Alhamis, 27 ga Nuwamba
Mun yi wasan. Wayyo! Ba a ganin komai ta bakin dokin nan sai takalman mutane. Orval daga baya yana ƙirga taku yana mintsinina: "Hagu, jaki, hagu!" Duk da haka na ture teburin gasasshen talotalo. Wata tsohuwar mawaƙiya ta yi dariya har haƙoranta suka faɗa cikin miya. Shekara ashirin da ɗaya ina zagin mutumin nan kan faɗuwar Toledo... To.

Litinin, 1 ga Disamba
Na gaya wa Misis Hruska ɗakina sanyi, a mayar da gadona ɗakin Orval. Minsharinsa sai ka ce jirgin ƙasa. Da safe nakan karanta masa jarida, don dai kada muryata ta yi tsatsa.